Moɗar Farko a Idon Ruwan Safura

Ku gyara zama, ga wata nan na kawo muku, kuma babu mai tashi sai an yanke mata hukunci.

Can wata ƙasa mai nisa akwai wani gari a gindin tsauni, inda sanyi ke daskarar da ruwa a cikin tulu. Ku da kuke ƙin wanka don an yi ɗan sanyin safe, da can aka haife ku da sai dauɗa ta kashe ku. Idon ruwa ɗaya garin ke da shi, yana fitowa daga ƙanƙarar da ke kan tsaunin, kuma wata tsohuwa mai suna Safura ce ke tsaronsa, aikin da ta gada daga mahaifinta. 'Ya'yanta uku ne: Nuriyya, Ƙasimu da Daniyalu.

Mutanen garin suna da wata al'ada tun kaka da kakanni. In dabba ta mutu da cuta, sai su hau tsauni da ita, can bisa gari, su binne a ƙasar da ke daskare rani da damina. A can mushe ba ya ruɓewa, ba ya wari. Sai shekaru suka fara zuwa da ɗumi. Tsofaffi har murna suka yi, wai gwiwoyinsu sun huta. Ba a jima ba yara suka fara gudawa da amai, ruwan da aka sani garai-garai ya koma yana ɗan ƙarni. Dattawa suka taru suka ce a tashi a bar garin. Safura ta ji kamar an zare mata rai, don a ganinta ruwan a hannunta ya lalace. Ta durƙusa gabansu ta ce, "Ku ba ni shekara guda. In bai gyaru ba, ni zan fara ɗaure kayana."

Nuriyya makiyayiya ce. Ta lura awakinta suna shan ruwa a can sama, amma da sun gangaro wani wuri sai su kau da kai. Ta bi rafin da ke gangarowa zuwa idon ruwan tana hawa tana shinshinawa, har ta iske inda wani baƙin ruwa ke tsatsowa daga makabartar dabbobi. Ƙasar ta narke, mushen da kakanni suka binne duk ya tashi ruɓewa lokaci guda. Da ta faɗa, aka yi mata ca, wai ta zagi al'adar iyaye. Ba ta yi musu da kowa ba. Ta ɗebo ruwan a ƙwarya ta dire gaban dattawa, ta ce wanda bai yarda ba ya kurɓa. Babu wanda ya miƙa hannu.

An gane ciwo, amma wa zai taɓa mushe mai cuta? Kowa ya sunkuyar da kai, jarumawan gari duk suka tuna suna da ciwon baya. Ƙasimu ya ɗaure hancinsa da tsumma ya hau shi kaɗai. Ya tone ramukan ɗaya bayan ɗaya, ya ja abin da ke ciki zuwa bayan tsauni ya ƙone, sannan ya haƙa wa rafin sabuwar hanya ya shimfiɗe ta da duwatsu. Sanyi ya dawo ya same shi yana kan aiki, ya cinye masa yatsu biyu na hannun hagu. Safura ta yi kuka da ta ga hannun. Shi kuwa cewa ya yi, "Inna, saura takwas, sun isa riƙe cebur."

Duk da haka ƙasar wurin ta riga ta sha dafi, sai ta ɗauki lokaci kafin ta wanke kanta, don haka aka rufe idon ruwan, ga rafin sama yana ƙafewa da an shiga bazara. Me gari zai sha kafin nan? Daniyalu, autan da ake yi wa kallon maras aikin yi, ya jona bututu daga ruwa mai tsabta na can sama, ya gangaro da shi wani kwazazzabo da rana ba ta leƙawa, ya ɗaga bakin bututun sama. Ruwa ya riƙa feshi yana daskarewa kafin ya sauka. Mutane suna wucewa suna cewa ɗan Safura ya zautu. Kafin sanyi ya wuce, ƙanƙarar ta taru ta fi hasumiyar masallaci tsawo. Da zafi ya zo sai ta shiga narkewa a hankali, garin ya sha, dabbobi suka sha, babu yaron da ya sake kwanciya.

Shekara ta zagayo aka buɗe idon ruwa, ya fito fes. Masu ɗaure kaya suka kwance, mata suka rangaɗa guɗa har tsauni yana amsawa. Safura ta tsaya bakin ruwan cike da farin ciki. Amma ta tsufa, lokacin sauka ya yi, kuma a garin nan duk wanda mai tsaro ya miƙa wa moɗar farko, shi ne magajinsa. Ta cika moɗa ta juyo, ga su nan su uku a gabanta.

Ba don Nuriyya ba, da ba a san inda cutar take ba. Ba don Ƙasimu ba, da an sani an zuba ido. Ba don Daniyalu ba, da ƙishirwa ta kori garin kafin ruwan ya gyaru.

To, ku da kuke zaune, in moɗar nan a hannunku take, wa za ku miƙa wa?