Hayaƙin da Ke Gadin Iri

Akwai wata matar aure, yarinya ce sosai, dangin mijinta suna kiranta Shiru-shiru, don sai ta wuni a tsakar gida ba ka ji muryarta ba. Karatunta bai yi nisa ba, amma idonta ba ya barin komai ya wuce.

Wata shekara bayan girbi, wata ƙungiya ta kawo musu sabon murhu marar hayaƙi. Injiniyan da ya ƙera shi ya tara mata a ajin makaranta, ya ce hayaƙi yana lalata huhun mata, itatuwa kuma suna ƙarewa a duniya. Murhun kyauta ne, amma sai an rushe tsohon kafin a ba da sabon.

Shiru-shiru ta so murhun nan har cikin ranta, saboda tarin da ke damun Inna, surukarta. Sai dai a saman tsohon murhunsu, kamar a kowane gida, akwai masarar iri a rataye, ta yi baƙi da hayaƙi. Ta kuma tuna bara, da aka manta da dami ɗaya a ɗakin ajiya, ƙwari suka cinye shi tas.

Ta ɗaga hannu.

"Malam, in hayaƙi ya tafi, wa zai yi gadin iri?"

Aji ya ɗauki dariya. Wata maƙwabciyarta, matar tela, ta ce, "Ashe dai tana da baki."

Injiniya ya ce, "Baiwar Allah, ni huhunki nake ceto, ke kina ta masara. Shekara uku muka yi muna gwaji."

Ta ce, "A ɗakin da kuka yi gwajin, akwai iri a rataye?"

Ya duba takardarsa, ya kira suna na gaba.

Ranar da ma'aikata suka zo da guduma, sai suka tarar da ita tsaye a ƙofar madafi. Mijinta ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Ki rufa mini asiri. Kowa ya karɓa, sai mu?"

"Ka yi haƙuri, maigida. Ban taɓa yi maka musu ba, amma yau ba zan matsa ba."

Inna ta yi tari daga kan tabarma, ta ce, "Ku ƙyale ta. Tarin nawa ne ni kaɗai, irin kuwa na gidan nan ne duka."

Aka soke sunansu. Wata da watanni ana kiran gidansu gidan hayaƙi. Shiru-shiru ta hana Inna shiga madafi, ita kaɗai take girki, idonta jajir, maƙwabta kuwa bangonsu fes.

Da hadari ya fara haɗuwa, matar tela ta sauke irinta, ta ji shi babu nauyi. Ta murza, sai gari ya zubo mata a tafin hannu. Haka aka yi ta saukewa gida bayan gida, duk ƙwari sun gama da shi.

Na gidan hayaƙi kuwa ƙwaya ɗaya ba ta huje ba.

Matar tela ce ta fara sallama, da kwano a ɓoye cikin mayafi, ta kasa haɗa ido da ita. Shiru-shiru ta karɓi kwanon ta zuba mata iri. Ta raba iya abin da za ta iya, amma bai isa kowa ba. Gonaki da yawa rabi aka shuka a shekarar.

Injiniya ya dawo. Ya cire takalmi, ya shiga madafinta, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufin.

"Na zo ba da haƙuri. Yanzu kin tsani murhun nawa, ko?"

"A'a, Malam. Ina son sa, Inna har yanzu tana tari. Amma ba za ka sallami mai gadi ka bar ƙofa a buɗe ba. Ka kawo murhun tare da abin da zai tsare iri."

Bayan girbi ya dawo da murhu da jarkoki masu murfin da iska ba ta shiga. Ba ta yarda nan take ba. Ta cika jarka ɗaya da iri, ta jira wata huɗu, ta buɗe, ta murza ƙwayar a gaban injiniya. Tana nan da ƙarfinta.

Sannan ta miƙa hannu ta ce, "Maigida, ba ni gudumar."

Darasi: Kafin ka cire abu daga rayuwar mutane, ka tambayi masu zama da shi wane aiki yake yi musu a ɓoye. In kuma ke ce kika hango abin da masu ilimi ba su hango ba, kada kunya ta sa ki matsa daga ƙofar. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu kawo mana gyara.