Ƙwallon Dabinon Waziri Arzika

An yi wani sarki a ƙasar Zangon Baure wanda ya gaji wata al'ada daga kakanninsa: kowace shekara, idan an kammala girbi, 'yan kokawar ƙasar kaf sukan taru a gari ɗaya su gwada ƙwanji kwana bakwai. Dattawan majalisa bakwai ke zaɓen garin, kowa ya jefa ƙwallon dabino a ƙwaryar garin da yake so, kuma duk garin da ya samu, kasuwarsa ta cika ke nan har shekara ta zagayo.

Shugaban dattawan shi ne Waziri Arzika, mutum mai ilimi da kamun kai, amma mai ciwo a zuciya. Shekara uku da suka wuce an ba Bakin Gulbi gasar, domin wani ɗan majalisa na wancan lokaci shi ke da jiragen fito a mashigin gulbin garin, ya kuwa ɓoye wa majalisa wannan maslaha tasa. Aka cika jirgi fiye da kima, ya kife a tsakiyar ruwa, mutum talatin da ɗaya suka halaka, har da Nomau, ɗan Waziri tilo. Kwana biyu ana nema kafin a tsamo gawarsa.

Bana sai ga Bakin Gulbi ta sake nema, tana takara da Tudun Maƙera. Sarki ya kira Waziri ya ce, "Ka binciko mini dattawan nan. Duk mai wata maslaha a ɗayan garuruwan, ya ajiye ƙwallonsa."

Waziri ya bincika. Kai, abin ba daɗin ji! Galadima na da rumfuna a kasuwar Tudun Maƙera, Ma'aji shanunsa mahautan can ke yankawa, biyu surukan dagacin Tudun Maƙera ne, sauran biyun kuma gonakinsu na Bakin Gulbi. Kowanne kuwa, ba kunya ba tsoron Allah, sai da ya rantse wai don talakawa yake yi.

"Saura kai kaɗai ke nan," in ji Sarki a gaban fada. "Ba ka da rumfa, ba ka da gona. Jefa naka, abin da ka zaɓa shi ne hukunci."

Wallahi Waziri ya ji daɗi, irin daɗin da mutum ke jin kunyarsa. Ga Bakin Gulbi a tafin hannunsa. Ya san mutanenta yanzu sun kafa gada a kan gulbin da itacen giginya, sun haƙa rijiyoyi. Ya kuma san Tudun Maƙera rijiya biyu gare ta, da rani ya shigo sai laka, tara dubban mutane a can neman annoba ne. Duk da haka hannunsa ya nufi ƙwaryar Tudun Maƙera. Har ya kai bakinta, sannan ya janye.

"Allah ya ja zamanin Sarki," in ji Waziri. "Ka aike ni neman masu kwaɗayi, na kawo su, amma ba ka tambaye ni masu ƙiyayya ba. Su riba ce ta karkatar da su, ni kuwa kabari. Tun da na binne Nomau ban yi wa garin nan fatan alheri ko sau ɗaya ba. In na hana su, fansa na ɗauka. In na ba su, kaina nake wankewa. Ni ne na bakwai, ranka ya daɗe." Ya ajiye ƙwallon a gaban Sarki.

Sarki ya ce, "To, wa zai zaɓa?"

"A kira mutum bakwai daga ƙauyukan nesa, waɗanda ba su da dangi ko dukiya ko mamaci a garuruwan nan. Su leƙa rijiyoyin, su taka gadar, sannan su jefa."

Haka aka yi, kuma Bakin Gulbi ta cinye. Sarki ya yafa wa Waziri alkyabbarsa, ya ɗora masa aikin tantance 'yan majalisa muddin rai.

Sai dai buɗe gasa aikin Waziri ne, ba a wakilta wani. Ranar ya ja ayari har tsakiyar gadar, ya tsaya ya dubi ruwan, ya yi kuka da hawaye a gaban jama'a. Da ya share fuska, ya ƙarasa ƙetare, ya sa wa garin albarka da bakinsa.

Ku sani, jama'a, adalci ba ya tabbata sai mai hukunci ya fara gurfanar da zuciyarsa, domin baƙin ciki ma cin hanci ne, sai dai shi ba a ganin wanda ya kawo shi.