Takin da Ya Ci Kofato

An yi wani mutum, manomin masara, a wani ƙauye bayan Kafur. Mu bar sunansa, iyalinsa na raye.

Yayansa Maitama yana da doki guda, shi ke juya masa injin matse rake lokacin mazarƙwaila. Da shi yake ciyar da gidansa. Farkon damina Maitama ya tafi Zariya jinyar matarsa, ya damƙa wa ƙanen igiya ya ce, "Amana ce. Ka share masa turke kullum, kada ya tsaya a danshi."

Mutumin nan ya ce to. Amma da ya ga kashin doki na taruwa, ga takin zamani ya yi tsada, sai zuciya ta raya masa: me zai sa a kwashe? A bar doki ya tattake shi da fitsari, taki ya nuna a wurin. Har shara ya riƙa ƙara masa a ƙarƙashi.

Ruwa ya sauka. Turke ya zama kwata, doki na tsaye ciki safe da yamma.

Nana, matar mutumin nan, ita ce ta fara jin warin. Ta ce, "Malam, dokin Yaya fa ɗingishi yake."

"Yaushe kika zama likitan dawaki? Hutu ne ya yi masa yawa."

Duk da haka ya zagaya a ɓoye ya ɗaga ƙafar. Tsokar nan ta tsakiyar kofato ta yi baƙi, ta yi laushi kamar ruɓaɓɓen tumatir, baƙin ruwa na tsattsafowa. Ya 'yan uwa, da a ranar ya mayar da dokin kan busasshen yashi, ya ƙwaƙule dattin, ya wanke da ruwan gishiri, ya kira likitan dabbobi, da an tsira. Me ya hana shi? Kunyar a gani, da kuma takin da ya kusa nuna. Sai ya shafe bayan kofaton da man kaɗanya har yana ƙyalli, ya ce sai wani satin.

Ruɓa ba ta jira shi ba. Ta ci har ciki, ƙafa ta kumbura zuwa gwiwa. Doki ya bar dusa, ya kwanta.

Ranar da Maitama ya dawo, ko ruwa bai sha ba ya nufi turke. Ya tsuguna ya juya kofaton, tsutsa ta zubo.

Ƙanen ya ce, "Yaya, wallahi ciwo ne daga Allah..."

"Bar ɗora wa Allah," in ji Maitama. "Rake ya kusa. Kai zan ɗaura a injin?"

Dokin bai kai Juma'a ba. Raken Maitama ya bushe a tsaye, shi kuma bai sake taka ƙofar ƙanensa ba. A garin yanzu ko akuya ba a ba mutumin nan kiwo. In ya rantse a kasuwa, sai a kau da kai.

Ya 'yan uwa, dabba ba ta da bakin kai ƙara yau, amma gobe ƙiyama za ta samu. Wanda aka ba amana, ya duba ta ta inda ido ba ya kai.

Allah ya kiyaye mu da kwaɗayin da ke cin amana, ya sa mu gyara tun da sauran dama. Amin.