Titin da Ya Bi Tasalla Gida

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu sha daɗi.

A wani birni an yi wata mai ƙosai, sunanta Tasalla. A bakin babban titi take suya, gindin durumi, inda uwarta ta yi kafin ita. Kullum da safe, kafin ta hura wuta, sai ta share wurin, ta yayyafa ruwa, ta ce, "Titi, ina kwana?" Mutane su yi ta dariya. Wa ya taɓa gaida titi?

Ran nan Sarki ya fito a mota, cunkoso ya tsare shi. Ga mai lemo, ga mai tsire, ga kaskon Tasalla. Ransa ya ɓaci, ya ce a kori kowa. Aka kifar da tebura, aka watsa murhu. Tasalla ta tafi gida tana hawaye, don da kaskon nan take ciyar da 'ya'yanta.

Kwana ɗaya ba shara. Kwana biyu ba yayyafi. Rana ta uku da hantsi, Titi ya yi miƙa, ya naɗe kansa kamar tabarma, ya bi lungu yana waƙa:

"Tasalla, Tasalla, ƙishi nake ji,
Kowa taka ni yake, ke ce mai shayar da ni."

Motoci suka tsaya cirko-cirko cikin rairayi.

Tasalla ta ji sallama, ta leƙo. Ta ce, "Kai Titi, ina za ka shiga? Gidan nan ko akuya sai ta karkace!" Amma ta ba shi ruwa a ƙwarya. Ya sha, ya kwanta a tsakar gida, yara suka hau bayansa suna sulu.

Sarki ya aiko direbobi, suka yi ta roƙo. Titi ya ce, "Shekara nawa kuna taka ni, wa ya taɓa ce mini sannu?"

Sarki ya aiko ma'aikata da sabuwar kwalta. Titi ya ce, "Na ce muku riga nake so?"

Sai Sarki ya taso da kansa, a ƙafa, yana haki. Ya sa aka kawo ruwa tulu ɗari. Titi ko kallo bai yi ba.

Tasalla ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ruwan yake so ba, hannun da ya saba da shi yake nema. Ni ma da laifina, kullum matso da murhu kan hanya nake yi kaɗan-kaɗan. A bar ni in raba wa kowa wurinsa."

Ta wuce gaba, Titi na biye da ita, har gindin durumi. Ya shimfiɗa kansa. Ta ɗebi toka, ta ja layi. Ta ce, "Tsakiya ta motoci, gefe na masu ƙafa, inuwa tamu." Farin layin nan da kuke gani a titi, tokar Tasalla ce.

Washegari Sarki ya zo wucewa, ya sauke gilashi, ya ce, "Titi, ina kwana?" Ba wanda ya yi dariya.

To kun ji, hanya ba ta mai wucewa kaɗai ba ce, mai share ta ma yana da rabo.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera! Ba don Gizo ba, da na ce da idona na gani.