Tasalla da Tarun Gizo

"Ku matso kusa, ku bar tsokanar juna haka nan. To, ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Iya."

A can da, akwai wani ƙauyen masunta a daidai inda babban kogi yake zubawa cikin teku. Mutanen garin ba su da gonaki masu yawa, da ruwa suke ci. Masu ƙarfi suna da manyan jirage da taru, marasa ƙarfi suna da koma, wato 'yar ragar hannu, da gora, amma kowa yana samun na miya har da na kaiwa kasuwa. A gefen garin akwai wani lungun ruwa mai ciyawa, ana ce masa Lungun Ƙwai, domin nan kifaye suke zuwa su yi ƙwai da damina. Tun zamanin kakanni ba a yin su a lungun nan daga saukar ruwan farko har ruwa ya ɗauke. Ba a kuma saƙa taru sai idonsa ya ɗauki yatsu uku, don ƙananan kifi su wuce.

A garin akwai wata mata mai banda, sunanta Tasalla. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Ige. Ƙanenta Jatau shi yake shiga ruwa da komarsa ya kawo kifi, ita kuma ta kyafe shi a wuta ta kai kasuwa. Da haka suke rufa wa kansu asiri.

Ana nan sai Gizo ya sauka a garin. Kun san Gizo, ba ya son aiki, yana son ci. Ya zauna bakin ruwa kwana uku yana kallon masu su, sa'an nan ya shiga ɗaki ya saƙa wani taru mai ƙanƙanen ido, wanda ko ƙwayar gero ba ta wucewa ta ciki. Ya kai wa masu manyan jirage su uku, Arzika da Cindo da Barau. Ya ce su ja shi a Lungun Ƙwai, abin da suka kamo a raba biyu da shi. Da suka ce Sarkin Ruwa zai hana, Gizo ya ce su bar masa wannan. Kowace Juma'a sai ya zaɓi kifi mafi girma ya kai gidan Sarkin Ruwa Nomau, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Tsoho ya ci kifi, ya kau da kai.

Shekarar farko jiragen mutanen nan uku har nutsewa suke son yi don nauyi. Iyaye masu ƙwai, da 'ya'ya kamar ɗan yatsa, duk taru ya kwaso. Abin da ya yi ƙanƙanta sai a zube shi a gaɓa ya ruɓe. Shekara ta biyu masu koma suka fara dawowa da gora wayam. Shekara ta uku, tarun Gizo kansa ba ya fitowa da komai sai 'yan mitsi-mitsi da ciyawa.

Ran nan Jatau ya wuni a ruwa ya dawo da kifi biyu, kowanne bai cika tafin hannu ba. Tasalla ta dube su, ta dubi Ige, ta ɗaura zanenta ta fita.

Ta je gidan Arzika ta roƙe shi ya ajiye tarun Gizo. Arzika ya yi dariya, ya ce tun da aka haife shi bai taɓa jin an ce kifi ya ƙare a ruwa ba. Ta je gidan Cindo. Cindo ya ce ya san gaskiya take faɗa, amma in ya bari Barau ba zai bari ba, shi ke nan shi ya yi asara. Ta je gidan Sarkin Ruwa ta durƙusa ta faɗa masa duka. Tsoho ya sunkuyar da kai ya ce shi ya tsufa, ba wanda yake jin maganarsa.

Tasalla ta ce, "Baba, ai ba ka yi maganar ba tukuna, balle ka san ko za a ji."

Ta tashi ta fito.

A hanyarta ta komawa ta bi ta bakin ruwa, sai ta ji wani abu yana nishi cikin ciyawa. Ta duba, ashe Kififiya ce, wani yagaggen tarun Gizo da aka yar ya naɗe mata wuya da ƙafafu. Tasalla ta zaro wuƙar da take gyaran kifi ta yanke zaren ɗaya bayan ɗaya. Da Kififiya ta sami numfashi, ta ce tun da ta cece ta, za ta faɗa mata abin da ba a faɗa wa mutane. Kifaye sun yi taro, sun yanke shawara da zarar ruwan farko ya sauka za su bi teku su tafi, ba za su ƙara dawowa garin nan ba har abada.

Tasalla ta tambaya wa yake da iko a kan wannan magana. Kififiya ta ce Giwan Ruwa, uwar kifaye, wadda take zaune ƙarƙashin dutsen da ke bakin teku. Tasalla ba ta koma gida ba. Ta kwance kwalekwalen Jatau, Kififiya na gaba tana biye, har gindin dutsen.

Giwan Ruwa ta taso, tsohuwa ce, duk jikinta tabon ƙugiya. Ta ce, "'Yar Adam, mun ciyar da kakanninku ba mu yi ƙorafi ba, don suna ɗaukar manya su bar mana yara. Ku kuwa har ƙwai kuke kwashewa. Me za mu zauna mu yi?"

Tasalla ta ce ba ta zo musu ba, laifin nasu ne. Damina ɗaya kawai take roƙo. Giwan Ruwa ta ce ta ba ta. Amma in ko ƙugiya ɗaya ta taɓa ruwan Lungun Ƙwai kafin ruwa ya ɗauke, ranar za su tafi.

"To Iya, ita kaɗai za ta hana maza uku masu jirage?"

Ku dai saurara. Tasalla ta dawo ta bi gidajen mata masu banda ɗaya ɗaya. Ta ce musu kifin da ba a kyafe ba, kwana ɗaya yake yi ya lalace, kuma wutar bandar a hannunsu take. Suka haɗa baki, duk kifin da aka kamo da tarun Gizo ba mai hura masa wuta. Washegari Arzika ya kawo nasa, mata suka juya masa baya. Cindo ya kawo, matarsa ce ma ta fara kashe murhu. Barau, wanda ya fi su taurin kai, ya ce shi zai kyafe abinsa da kansa. Ya ƙona rabi, rabi ya yi tsutsa. Da wari ya ishi gari, Sarkin Ruwa ya ji kunya, ya sa aka yi shela cewa an rufe Lungun Ƙwai har ruwa ya ɗauke, an kuma hana taru mai ƙanƙanen ido.

Ruwan farko ya sauka. Tasalla ta shimfiɗa tabarma a gindin wata bishiya a bakin lungun ta zauna gadi. Mata suna karɓarta bi da bi. Zalɓe yana duba mata daga sama, Kififiya daga cikin ruwa. Abinci ya yi wuya a garin, sai ganye da ɗan kunu, da abin da aka samu a can cikin teku da fatsa.

Gizo kuwa yunwa ta fara murɗa masa ciki. Da hantsi ran nan ya sa babbar riga, ya naɗa rawani har ya rufe fuska, ya zo yana taƙama. Ya ce shi manzon Sarkin Teku ne, an aiko shi ya faɗa an yafe sharaɗi, kowa ya shiga ya kama. Wasu matan har sun fara murna. Zalɓe ya sauko ya raɗa wa Tasalla cewa wannan manzo sawunsa takwas ne a cikin laka. Tasalla ta ce wa baƙon, tun da daga teku yake, ya nutse ya kira musu Giwan Ruwa ta faɗa da bakinta. Gizo bai iya iyo ba. Ya ce ya tuna ya bar dokinsa a rana, ya tattare riga ya zura da gudu.

Bayan kwana bakwai, da tsakar rana, Gizo ya shigo gari yana haki. Ya ce teku ta turo wani ƙaton kifi kamar ɗaki a can gaɓar yamma, kowa ya ɗauki wuƙa da kwando. Mutane masu jin yunwa, wa zai tsaya tambaya? Gari ya watse, har matan da suke gadi. Gizo ya saɓa tarunsa ya lallaɓa lungu yana murmushi, sai ya tarar da Tasalla zaune a kan tabarmarta tana tsifar kan Ige. Ta ce masa sannu da rana. Ya ce yawwa, dama shanya ya zo yi. Ta ce to ya shanya a kan tudu, nan akwai laima. Ya juya yana cizon yatsa.

Zuwan Gizo na uku shi ne mai wuya. Damina ta yi nisa, Ige ta kwanta da zazzaɓi, ta rame, ba ta iya haɗiye komai. Abu ɗaya take kira, romon kifi. Tasalla ta kwantar da ita a kan tabarma a gefenta, ga kifaye nan suna wasa a lungu, ana ganin bayansu, hannu ma zai iya kamo su. Hadari ya haɗo, matan suka tafi kwashe shanya. Sai ga Gizo, wannan karon babu riga babu rawani, ya zauna a hankali kamar mai zuwa dubiya.

Ya ce, "Uwar Ige, ni ban zo don kaina ba. Jifa ɗaya zan yi, kifi ɗaya, don yarinyar nan. Babu kowa a nan, wa zai sani?"

Tasalla ta dubi 'yarta, hawaye ya zubo mata. Ige ta sake kiran romo. Gizo ya fara warware taru.

Tasalla ta miƙe ta tsaya tsakaninsa da ruwa. Ta ce, "Ni zan sani. In na ba ta kifi ɗaya yau, baɗi ba ita ba, ba 'yar kowa ba, babu mai shan romo a garin nan. Naɗe abinka."

Ta kira Zalɓe ta ce ya tashi ya nemo Jatau duk inda yake, ya gaya masa halin da Ige take ciki. Tana juyawa ta rufe yarinya da zane, Gizo ya ga dama ta samu. Ya ruga bakin ruwa, ya wulwula taru zai jefa. Daidai nan iskar hadari ta taso ta maido masa da tarun a ka, ya naɗe shi tun daga wuya har ƙafafu takwas. Ya nemi inda zai zura ko ƙafa ɗaya ya fita, babu, shi da kansa ya matse idon. Ko zare ɗaya bai taɓa ruwa ba. Tasalla ta ɗaure bakin tarun ta rataye shi a reshe, ruwa ya yi ta dukansa yana roƙo.

Jatau kuwa da ya ji saƙo, ba shi da jirgin da zai shiga teku cikin hadari. Cindo ne ya ce ya hau nasa. Suka yi ta fama da igiyar ruwa har la'asar, suka dawo da kifi guda ɗaya da suka kama da fatsa. Aka dafa, Ige ta sha romo cokali biyu, sa'an nan uku. Bayan kwana huɗu ta tashi zaune.

Aka kai Gizo gaban Sarkin Ruwa a cikin tarunsa. Wannan karon tsoho bai sunkuyar da kai ba. Ya faɗa a gaban jama'a cewa shi ma ya ci kifin Juma'a, shi ma yana da laifi. Ya yanke cewa Gizo ya kwance kowane taru da ya saƙa, ƙulli bayan ƙulli. Gizo ya yi wata guda yana kwancewa, ranar da ya gama ya haye rufin ɗaki don kunya. Can yake saƙarsa har yau, ba ya kama komai sai ƙuda.

Da ruwa ya ɗauke aka buɗe Lungun Ƙwai. Dattawa suka zauna, da Tasalla a cikinsu, suka tsara cewa bakin gaɓa na masu koma ne, manyan jirage su tafi can ciki. Kifi bai dawo kamar da ba a shekarar nan, amma ba wanda ya koma gida da gora wayam, hayaƙin banda kuma ya sake tashi a kowane gida.

Damina ta zagayo. Wasu suka fara cewa ai kifi ya dawo, bana sai a bar lungu a buɗe. Tasalla ba ta yi gardama da kowa ba. Ranar da ruwan farko ya sauka ta fita da sassafe za ta gadi. Tana isa ta tarar da mutum zaune a gindin bishiya da sandarsa, ya jiƙe sharkaf. Barau ne.

Ya ce, "Koma ki ji da yarinyarki, Yaya. Yau ni ne a nan, gobe Arzika."

To yara, kun ji. Abin da gari duka yake ci daga gare shi, ba a barin mutum uku su kwashe. A ɗauki babba, a bar ƙarami ya girma, a bar wa maƙwabci nasa. Kuma in kun tsaya a kan gaskiya, kada ku sauka ranar da ta yi zafi, domin ranar ce ake bukatarku.

Nan ta tsaya, ƙungurus kan kusu. Kowa ya kakkaɓe tabarmarsa.