Sarkin Maƙera da Mayen Ƙarfe

Ku matso kusa, muryata ba ta zuwa nesa yanzu. Ga wata gardama nan na ɗauko muku, in na sauke ta ku ne za ku raba.

A cikin yawona na taɓa sauka wani gari na bakin gulbi, Tungar Gawo ne ko Tungar Marke, itacen dai ya ɓace mini. Wanda ban manta ba shi ne mai masaukina, Sarkin Maƙera Arzika, dattijo mai faɗin ƙirji wanda bai taɓa cewa "na yi kuskure" ba. A gidansu an gaji wata magana tun kakanni, cewa wuta ba ta cin Sarkin Maƙera, ƙarfe kuma ba ya shiga jikinsa. Yana da 'ya'ya uku, Nomau da Cindo da Barmo, dukansu magidanta, dukansu maƙera. Amma uwar maƙerar gidan, wadda ake dukan ƙarfe a kanta, guda ce, kuma wanda aka ba ita shi ne Sarkin gobe.

Wata rana da hantsi Arzika ya taka garwashi bai ɗaga ƙafa ba, sai da ƙaurin fata ya tashi. Masu jiran fartanya suka hau yi masa kirari, suna cewa yau sun ga gado da idonsu. Shi kuwa ya yi murmushi kawai, amma ya san ba gado ba ne. Bai ji wutar ba ne sam. Kafin damina ta yi tsakiya ƙafafun sun zama kamar na aro, sai an kama shi yake tashi. Malamin asibitin garin ya zo har gida ya duba shi, ya ce wannan sai birni, kuma in aka yi jinkiri ƙafafun ba za su dawo ba.

Arzika ya ce, "Ƙafata ba za ta taka asibiti ba. Wanda ya isa ya kai ni."

Nomau, babban ɗan, mutum ne mai ƙarancin magana. Washegari da safe ya shigo, ya durƙusa ya gaida uban, ya ce, "Baba, ba taka za ta taka ba, tawa ce." Ya sungume shi ya goya. Gulbi ya kawo, kwalekwale ya ƙi ɗaukar kowa, mota kuma tana can ƙetare. Nomau ya bi ta mashigin shanu, ruwa har ƙirjinsa, uban na bisa wuyansa yana rafka masa mafici a ka, yana cewa ya sauke shi ko ya ci mutuncinsa a gaban gari. Mutanen gari kuwa suna gaɓa suna kallo. Nomau bai sauke shi ba sai a kujerar mota. Ƙannen suka biyo baya da tabarma da buta.

A birni aka ɗauki hoton ƙashinsa, aka ga ƙashi lafiya lau. Likita ya ce ciwon ba a ƙashi yake ba, yana cikin lakar gadon baya, ita kuwa hoton ƙashi ba ya nuna ta. Sai an sa shi a wata na'ura da suke kira Em-ar-ai. Yadda aka kwatanta mini, kamar rijiya ce aka kwantar da ita a gefe, an zagaye ta da mayen ƙarfe mai tsananin ƙarfi, wanda ba ya barci ko an kashe fitilun ɗakin. Da shi take ganin tsoka da jijiya da laka, falle-falle, kamar mai buɗe littafi, ba tare da an tsaga mutum ba. Sharaɗinta guda ne: ƙarfe ba ya shiga ɗakin, ko allura ce.

Ma'aikaciyar ɗakin, wata mai suna Lantana, ta sa aka cire masa zobe da layu. Sannan ta ɗauki takarda ta ce, "Baba, akwai ƙarfe a cikin jikinka? Ko harsashi, ko wani ɓarɓashi da ya taɓa shiga?"

Arzika ya dube ta sama da ƙasa. "'Yata, kin san wanda kike tambaya? Ƙarfe ni yake wa biyayya. Rubuta babu."

Ta rubuta babu. Aka tura gadon har bakin ƙofa.

Nan Cindo, na tsakiya, ya sha gaban gadon ya dafe shi da hannu biyu. Shekara ashirin da suka wuce shi ne ke riƙe da awartaki ranar da tsinin ƙarfe ya fallatsa ya shige ƙarƙashin girar uban ta hagu, fata ta rufe a kansa. A ranar uban ya ce masa in maganar ta fita, to, daga bakinsa ta fita, kuma kada ya ƙara kiransa uba. Cindo ya riƙe ta shekara ashirin, ko matarsa ba ta sani ba.

Ya ce, "Malama, akwai. Yana saman idonsa na hagu."

Arzika ya ce, "Ƙarya yake yi. Wannan tun yana yaro maƙaryaci ne."

"Na yarda ni maƙaryaci ne, Baba. A ɗauki hoton wurin, in babu a kore ni."

Aka ɗauka da na'urar hoton ƙashi, sai ga shi fari fat kamar ƙwayar shinkafa. Lantana ta zauna a kujera ta ƙura wa hoton ido. Daga baya ta ce da ya shiga da shi, mayen zai iya juya tsinin ya tsaga idon. Likitan ido ya cire shi, aka jira wurin ya warke. Kafin nan labari ya riga su isa gida, cewa ashe ƙarfe na shiga jikin Sarkin Maƙera. Arzika ya daina amsa gaisuwar Cindo.

Ina muka tsaya? Yauwa, ranar komawa ɗakin na'urar.

Aka toshe masa kunnuwa, aka zura shi ciki, aka ce kada ya motsa. Ya buɗe ido ya ga rufi dab da hancinsa, bango dama, bango hagu, fari kamar likkafani. Sai na'urar ta fara bugu, ƙwanƙwasa bisa ƙwanƙwasa. Mutumin da ke ɗaukar ƙarfen da ya yi ja a wuta da hannu ran sallah ya ji zufa ta keto masa. Ya yi ta bugun bango har aka fito da shi, hoton ya dagule kamar ruwan da shanu suka shiga. Bai ce ya ji tsoro ba. Cewa ya yi ba za a binne shi da ransa ba, a mai da shi gida. Likita ya ce maganin barci yana da haɗari ga mai zuciya irin tasa, kuma ba wanda zai sa wuƙa a bayan mutum bai ga inda zai yanka ba.

Lantana ta ce an yarda mutum ɗaya ya shiga ya tsaya kusa da shi, amma Arzika ya ce Nomau da Cindo kada su kusance shi. Saura Barmo, auta. Shi kuwa akwai ƙawanyar ƙarfe a damtsensa, wadda uban ya ƙera ya rufe a jikinsa bayan wata jinya da ta kusa ɗauke shi, ya ce ranar da ta fita ba ruwansa da abin da zai same shi. Barmo ya yarda da wannan magana har zuciyarsa. Duk da haka ya fita bakin asibiti, ya miƙa wa wani mai walda hannu, aka yanke ta da zarto. Ya dawo ya ajiye guntayen a gaban uban.

Arzika ya ce, "Aikin hannuna ka kai wa mai walda?"

"Shi na samu, Baba. Kuma ni ban ji kabari a ɗakin can ba, ƙira na ji. Wani ne ke dukan ƙarfe a ciki, kai kuma ka fito ba ka gaya mana ko ya iya ba. Ko dai kunnen Sarki ya tsufa?"

"Kunnen uban wa? Ku mai da ni."

Aka mai da shi. Barmo ya zura hannu ya riƙe yatsunsa, yana danna masa tafin hannu daidai da kowane bugu, yadda maƙera ke karɓa wa juna guduma. Arzika ya rufe ido yana ƙirga dukan, yana jin inda aka yi sauri da inda aka tsallake. Minti arba'in bai motsa ba. Da aka fito da shi ya ce wa Lantana, "Ko wane ne ke dukan nan, ki gaya masa bai iya ba. Gaggawa ta yi masa yawa."

Hoton ya fito tas. Aka ga wani ƙari kamar ƙwallon dabino ya danne laka a tsakiyar baya. Aka yi aiki aka cire, kuma ba mugun iri ba ne. Bayan wata huɗu Arzika ya ƙetare gulbi a kwalekwale, ya shiga gari da ƙafarsa da sanda. Sai dai likita ya ce shi da guduma har abada, wannan karon kuma bayansa ya goyi bayan likita. Dole uwar maƙera ta koma hannun ɗaya.

A lokacin ne na sauka gidansa. Bai gode wa ko ɗayansu ba, kuma ya ce ba zai gode ba. Muna zaune a zaure da la'asar ya ce mini, "Malam, ɗaya ya goya ni kamar jariri a gaban gari. Ɗaya ya tona abin da na binne shekara ashirin. Ɗaya ya yanke aikin hannuna, ya kuma yi mini gori. Ba mai ladabi a cikinsu. Amma da ba a goya ni ba, da ban je ba. Da ba a tona ba, da na dawo da ido ɗaya ko babu. Da ba a yi gorin ba, da har yau ana jana a tabarma. Maƙera ba ta rabuwa uku. Wa zan ba?"

Na san na ba shi amsa, har na tuna ya yi tsaki da ya ji ta. Amma amsar ta bi sunan garin, na neme ta na rasa.

To, ku da kanku bai tsufa ba: tsakanin Nomau da Cindo da Barmo, wane ne ya fi cancanta a ba shi maƙerar?