Ƙofar da Aka Toshe a Birnin Rimaye

An yi wani sarki a Birnin Rimaye ana ce da shi Zailani, mutum mai son bin diddigi, wanda in ya ga tururuwa ɗauke da hatsi sai ya so sanin inda rumbunta yake. Ya hau gadon sarauta bayan Turawa sun tattara nasu ya nasu sun tafi, amma ya gaji makarantar ilmin mulki da ke jikin fada, inda ake horar da alƙalai da hakiman gobe.

Wata rana ya leƙa makarantar, ya tarar ana karanta hikimar mutanen ƙetaren teku daga safe har azahar, sai ka ce a ƙasar nan ba a taɓa haihuwar mai tunani ba. Ilmin gida kuwa darasi ɗaya tak aka ware masa, ana kiransa gargajiya, kuma duk abin da ke cikinsa shi ne wai ba a tambayar sarki dalili. Littattafan suka ɓata wa Sarki rai, amma darasin nan ya yi masa daɗi, ni kuwa ban ga laifinsa ba, don babu mai tofar da zuma.

Sai ya kira Waziri Hambali, dattijo masani da ya karanta na gida da na waje, ya ce, "Waziri, ina so ka tace mini makarantar nan kamar yadda ake tace gasara, ka ware abin da Turawa suka bari daga abin da muka gada. In ka ɓoye mini wani abu nasu, ko don tsoro ko don kunya, to a bakin rawaninka."

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya fita cike da damuwa, domin ya riga ya san amsar, ya kuma san faɗarta na iya cin rawanin kamar yadda ɓoye ta zai ci. Gaba kura, baya sayaki.

Da ranar amsa ta zo, ya roƙi Sarki ya taka da shi zuwa katangar da ta raba fada da makaranta, ya nuna wani wuri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, me ka gani?"

Sarki ya ce, "Alamar wata gajeruwar ƙofa da aka toshe. Tun ina yaro nake mamakinta, har na ɗauka ta awaki ce."

Waziri ya ce, "Ta kakanninka ce. Kakana da ya riƙe wannan rawani ya shaida mini cewa duk shekara in an gama girbi, sarki kan sunkuya ya shiga ta nan, ya zauna kan tabarma ɗaya da ɗalibai, su tambaye shi hujjar hukunce-hukuncen da ya yanke. Haka ake koyon ilmin mulki a da, sarki ne littafin. Da Turawa suka ga sarkin da ake tambaya ba ya saurin zartar da umarninsu, sai suka sa aka toshe ta, suka koya wa 'ya'yanmu cewa ba a tambayar sarki, suka laƙaba wa abin suna gargajiya. Allah ya ja zamaninka, a cikin duk abin da suka bari, babu wanda ya kai darasin nan zama nasu."

Fadawa suka sunkuyar da kai. Sarki ya ji zafin maganar har cikin ransa, ya ce, "Wato abin da na fi ƙauna shi ne baƙon?"

"Shi ne, ranka ya daɗe. Ya daɗe ne har ya sa rigarmu."

"Littattafan fa, a ƙone su?"

"Su ai ba su ɓoye asalinsu ba. A bar su, a ajiye namu kusa da su, a riƙa tuhumar kowa. Ga wani cikinsu yana cewa kowane mutum ɗa ne ba bawa ba, alhali mutanensa sun mallake mu. In aka ƙone shi, wa ɗalibi zai tambaya yadda aka yi haka?"

Sarki ya daɗe yana duban katangar, fushi da son sani suna kokawa a zuciyarsa, har son sani ya yi kaye. Ya ce, "To, in na shiga, me za su tambaye ni?"

Waziri ya ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe, kuma amfaninta ke nan."

Nan take aka kira magina suka fasa ƙofar. Sarki ya sunkuya zai shiga, amma da yake bai saba ba, sai saman ƙofa ya tuɓe masa rawani. Ya ɗauka ya kaɗe ƙura, ya yi murmushi ya ce, "Naka na yi wa barazana, ga shi nawa ne ya faɗi."

Tambayar farko da ɗalibai suka yi masa ita ce hujjar da ta sa ya tashi kasuwar masaƙa daga inda take. Ya duba, ya ga ba shi da ita, ya ce a mayar musu da wurinsu. Sannan ya yafa wa Waziri alkyabbarsa, ya danƙa masa makarantar.

Ku sani, ya ku masu hankali, adalci gajeruwar ƙofa gare shi, mai mulkin da ya ƙi sunkuyawa a waje zai kwana.